Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai: Gwajin Manhaja Yayin Gina Ta Daga Tushe

Duk ɗalibin da ya taɓa zama a ajin ilmin aikin gona ya san gwajin tsirowar iri. Kafin damina ta kankama, sai a ƙirga ƙwayar gero ko ta dawa guda ɗari, a shimfiɗa su a kan jiƙaƙƙen tsumma, a rufe, a riƙa yayyafa musu ruwa har tsawon mako guda ko fiye. Idan casa'in suka tsiro, iri ya yi kyau, sai a jira ruwan shuka. Idan kuwa arba'in ne kaɗai, to manomi ya san abin da ke gabansa tun bai ɓarnatar da gonarsa da guminsa ba. Wanda ya sayar da irin yana iya rantsuwa cewa a hannunsa lafiya lau yake, kuma mai yiwuwa ne gaskiya ya faɗa. Sai dai tsakanin rumbunsa da gonarka akwai zafi, akwai danshi, akwai ƙwari.

Masu aiki da kwamfuta su ma suna da irin wannan gwaji, kuma shi ne abin da nake son mu duba a wannan maƙala. Mai karatu yana iya tambaya, me ya haɗa malamin ilmin halittu da wannan magana? Amsa ita ce, a yau da wuya mu nazarci jerin sinadarin gado na DNA, ko mu kwatanta na wannan tsiro da na wancan, ba tare da manhaja ba. Da yawa daga cikin waɗannan manhajoji kuwa ba a gine suke zuwa mana ba. Mu ne ke gina su da hannunmu a kan kwamfutocinmu.

Mene ne tushe, kuma yaya ake gini daga gare shi?

Kowace manhaja tana somawa ne a matsayin rubutu. Ɗan Adam ne ke zama ya rubuta umurni layi-layi a cikin wani harshe na musamman, kamar harshen C, wanda ƙwararre zai iya karantawa ya fahimta, har ya yi gyara. Wannan rubutu shi ake kira tushe. Ita kuwa ƙwaƙwalwar kwamfuta ba ta jin wannan harshe, abin da ta sani kawai shi ne jerin sifiri da ɗaya. Saboda haka dole a sami wata manhaja da za ta tsaya a tsakani ta juya rubutun zuwa harshen inji. A nan za mu kira ta tafinta. Ɗaya daga cikin tafintocin da suka fi shahara shi ne GCC, wanda Richard Stallman ya fara fitarwa a shekarar 1987.

Yawancin jama'a ba su taɓa ganin wannan aiki ba, domin manhajar da suke sauke wa wayoyinsu wani ne ya riga ya gina ta. Amma akwai manhajoji dubbai waɗanda masu su ke raba tushensu kyauta ga kowa, a ɗaure cikin ƙunshi guda. Wanda ya karɓi irin wannan ƙunshi a kan Linux ko makamancinsa, galibi umurni huɗu yake bayarwa ɗaya bayan ɗaya. Na farko shi ne ./configure, wanda ke leƙa kwamfutar ya ga irin kayan aikin da ke cikinta. Na biyu shi ne make, wanda ke kiran tafinta ya juya fayilolin tushe, ya kuma haɗa su wuri ɗaya. Shi wannan make tsoho ne ƙwarai, Stuart Feldman ne ya ƙirƙiro shi a ɗakunan bincike na Bell da ke Amurka a 1976, ga shi kuma har yau ana aiki da shi. Na huɗu shi ne make install, wanda ke ɗaukar manhajar da aka gina ya ajiye ta a mazauninta.

Na tsallake na uku da gangan, domin haka mutane da yawa suke yi. Shi ne make check, a wasu manhajojin kuma make test. Wannan shi ne jiƙaƙƙen tsummanmu.

Yadda gwaji ɗaya yake

Gwajin manhaja ba wani abu ne mai sarƙaƙiya ba. Tambaya ce wadda an riga an san amsarta. A ba manhajar da aka gina tambayar, a karɓi abin da ta fitar, a kwatanta da amsar da ke ajiye. In sun dace, ta ci. In sun saɓa, ta faɗi.

Bari mu ɗauki misali daga harshenmu. A ce an rubuta wata ƙaramar manhaja mai ƙirga haruffan kalma. Marubucinta sai ya ajiye gwaji kamar haka: idan aka ba ta kalmar "ƙasa", dole ta ce haruffa 4 ne. Ga alama babu yadda za a yi ta kuskure. To amma a tsarin UTF-8, wanda da shi ake ajiye mafi yawan rubutu a yau, harafi irin su "a" da "s" kowanne gurbi ɗaya yake ci, wato bayit ɗaya, alhali haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, kowannensu bayit biyu yake ci. Idan kwamfutar da aka gina manhajar a kanta ba a saita ta a kan wannan tsari ba, manhajar tana iya ƙirga gurabe maimakon haruffa, sai ta ce 5. Da kalmar "kasa" aka gwada ta, da ta ci lafiya lau, kuskuren kuma ya ci gaba da kwanciya a ɓoye. Ashe ke nan ingancin gwaji ya dogara ne ga basirar wanda ya zaɓi tambayar.

Manhaja ta gaske tana zuwa da irin waɗannan tambayoyi ɗaruruwa ko dubbai, kuma babu mutumin da zai zauna ya yi su da hannu. Umurni ɗaya ake bayarwa, kwamfuta ta bi su ɗaya bayan ɗaya da kanta, a ƙarshe ta kawo lissafin waɗanda aka ci da waɗanda aka faɗi. Dalili ke nan da ya sa ake cewa gwaje-gwajen masu sarrafa kansu ne.

Daga ina tambayoyin ke fitowa? Wasu tun farko ake rubuta su. Amma da yawa tarihin raunukan manhajar ne. Al'adar ƙwararru ita ce, duk lokacin da aka gano kuskure aka gyara, sai a rubuta gwajin da zai kama shi idan ya sake dawowa. Ɗalibin ilmin halittu zai tuna da garkuwar jiki: cutar da ta taɓa shiga, jiki yakan riƙe kamanninta, in ta dawo ya gane ta tun daga ƙofa. Akwai wata manhajar ajiye bayanai mai suna SQLite, wadda Richard Hipp ya fara a shekarar 2000, wadda kuma take cikin kowace wayar Android da iPhone. Bisa ga lissafin da masu ita suka bayar a 2023, rubutun gwaje-gwajenta ya ninka rubutun ita kanta manhajar kusan sau 590.

To, in masu ita sun gwada, don me zan sake?

Wannan ita ce tambayar da ɗalibaina suka fi yi mini, kuma nan ne zuciyar al'amarin take. A ilmin halittu muna bambantawa tsakanin abin da halitta ta gada da kuma siffar da ta bayyana da ita. Iri ɗaya, in aka shuka shi a fadama da kuma a jigawa, ba tsiro iri ɗaya zai bayar ba. Tushen manhaja gado ne. Manhajar da ta fito bayan gini kuwa siffa ce, wadda gadon da muhalli suka haɗu suka samar. Marubutan sun gwada abin da ya tsiro a gonarsu. Abin da ya tsiro a taka gonar, ba wanda ya taɓa gwada shi a duniya.

Muhallin nan ya ƙunshi abubuwa da dama. Akwai shi kansa tafinta, wanda shi ma manhaja ne, mutane ne suka rubuta shi, yana kuma iya yin kuskuren fassara, musamman idan aka umurce shi ya sake fasalin umurnin don manhajar ta ƙara sauri. Akwai wani ƙunshi mai suna GMP, wanda Torbjörn Granlund ya fara fitarwa a 1991, aikinsa lissafi da lambobi masu tsawon gaske. Masu shi sun sha ganin tafintoci suna ɓata musu aiki, har ta kai sun sanya gargaɗi yana bayyana a kan allo bayan an girka shi, suna jan kunnen duk wanda bai gudanar da gwajin ba da ya koma ya yi. Hujjarsu ita ce, kuskuren lissafi ba ya ihu. Manhajar ba za ta tsaya ba, ba za ta yi ƙorafi ba, lamba za ta miƙo maka mai kama da gaskiya.

Akwai kuma ƙirar ƙwaƙwalwar kwamfutar. Lambar da ta fi ƙarfin bayit ɗaya, wasu injuna suna fara ajiye ƙaramin ɓangarenta, kamar na kamfanonin Intel da AMD, wasu kuwa, kamar manyan injunan IBM da bankuna ke amfani da su, babban ɓangaren suke farawa da shi. Marubucin da ya manta da wannan, manhajarsa za ta yi daidai a gidansa, ta karanta lambobi a birkice a gidan wani. Wani lokaci ma ƙarfen da kansa ne ke da aibi. A 1994 wani malamin lissafi mai suna Thomas Nicely, na Kwalejin Lynchburg da ke jihar Virginia, ya lura cewa sakamakon lissafinsa ba ya daidaita. Bayan watanni yana bin diddigi, sai ya gano cewa sabuwar ƙwaƙwalwar Pentium ce ke kuskure a wasu lissafe-lissafen rabawa. Idan aka raba 4195835 da 3145727, amsar gaskiya tana farawa da 1.33382, amma Pentium mai aibin sai ta ba da 1.33373. Musanya waɗannan ƙwaƙwale ya ci wa kamfanin Intel dala miliyan 475. Irin wannan ba kullum yake faruwa ba. Abin da ya fi yawa, musamman a inda zafi da ƙura da hawa da saukar wutar lantarki ke wahalar da na'urori, shi ne ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta ta fara lalacewa a hankali. Dogon gini da dogon gwaji sukan matsa wa inji lamba har irin wannan rauni ya fito fili.

Misalin da ya fi taɓa ni, domin a maƙwabtan fagenmu ya faru, shi ne na Jami'ar Hawaii a 2019. Masu bincike a can suna nazarin sinadaran da ake samu daga wasu ƙwayoyin bakteriya masu launin shuɗi-kore da ke rayuwa a ruwa. Suna amfani da wata ƙaramar manhaja ta harshen Python wadda wasu masana suka wallafa a 2014, wadda kuma bincike sama da ɗari suka ambace ta. Sai wani ɗalibi ya lura cewa bayanai iri ɗaya suna ba da amsa daban-daban. A kan Windows 10 amsar ta fito 173.2, wadda ita ce daidai. A kan Ubuntu ta fito 172.4, a kan wani sabon tsarin kwamfutar Mac kuma 172.7. Dalilin ƙarami ne ƙwarai. Manhajar takan nemi kwamfuta ta ba ta jerin fayilolin da ke cikin wata ma'ajiya, ta ɗauka cewa a jere za su zo bisa tsarin sunayensu. Wasu kwamfutocin haka suke kawo su, wasu kuwa a'a, kuma dama ba wanda ya taɓa yin alkawarin za su zo a jere. Saboda haka sai ta riƙa haɗa bayanin wannan fayil da na wancan. Layuka kaɗan aka ƙara aka gyara. Tambaya guda mai sananniyar amsa, da an riƙa yi wa manhajar ita a kan kowace kwamfuta da aka ɗora ta, da ta tona wannan asiri tun ranar farko.

Ni kaina na taɓa tsallake rijiya da baya. Muna gina wata manhajar kwatanta jerin DNA a kan tsohuwar kwamfutar ɗakin gwajinmu, man janareto kuma yana gab da ƙarewa. Ɗalibin da ke tare da ni ya ce, "Malam, tun da ginin ya kammala ba tare da matsala ba, ai sai mu girka kawai." Na so in yarda, amma na ce mu dai ba shi minti goma. Gwaje-gwaje biyu suka faɗi, dukkansu a kan karanta matsattsun fayiloli. Washegari muka gano cewa wata manhajar taimako da ke cikin kwamfutar ce ta tsufa, tana sa a yanke ƙarshen dogayen fayiloli ba tare da wata sanarwa ba. Da mun wuce, da mun yi watanni muna fassara sakamakon da rabinsa babu.

Karanta sakamako

Idan gwaji ya ƙare, manhajojin da ke bin tsarin GNU sukan fitar da ɗan taƙaitaccen lissafi. PASS na nufin an ci, FAIL an faɗi. SKIP na nufin an tsallake gwajin domin kwamfutar ba ta da abin da yake bukata. XFAIL kuwa faɗuwa ce da aka yi tsammani, wato marubutan sun san da wannan rauni, sun kuma yi masa alama. Cikakken bayanin abin da ya faru yana cikin wani fayil mai suna test-suite.log, kuma nan ne ya kamata mutum ya fara dubawa.

Shawarata ita ce a sa ido a kan SKIP fiye da yadda aka saba. Duk wanda aka taɓa yi wa gwajin zazzaɓin cizon sauro na gaggawa ya ga layin da ke da alamar C a jikin ɗan allon. In wannan layi bai fito ba, ba a cewa mutum ba shi da cuta, sai dai a ce gwajin bai yi ba. Haka nan sakamakon da ya nuna babu faɗuwa ko ɗaya, alhali an tsallake rabin tambayoyin, bai gaya maka abu mai yawa ba.

Ita ma faɗuwa ba kullum take nuna aibin manhaja ba. Wani gwajin yana neman intanet ne bai samu ba. Wani yana ɗauke da takardar shaida ta gwaji wadda wa'adinta ya cika shekaru bayan an rubuta shi. Wani kuma an ba shi daƙiƙa biyar ya gama, kwamfutarka mai nauyin jiki ta yi bakwai. Akwai ma waɗanda yau su ci gobe su faɗi ba tare da an canza komai ba, kuma su ne masu manhaja suka fi ƙi, domin suna koya wa mutane yin biris da gargaɗi. Abin yi dai shi ne a karanta, a gane dalili, sa'an nan a yanke hukunci. In dalilin bai bayyana ba, a aika wa masu manhajar rahoto tare da fayil ɗin bayanin da kuma irin kwamfutar.

Tsadar gwaji

Gwaji yana cin lokaci. Na ƙaramar manhaja daƙiƙoƙi ne, amma na GCC yana iya cin sa'o'i, wani lokaci fiye da ginin kansa. Saboda haka masu tattara manhajoji su rarraba wa jama'a suka yi wa abin tsari. Debian, wanda Ian Murdock ya kafa a 1993, ya fitar da bugunsa na 12 a 2023 da ƙunshin manhajoji sama da 60,000. Yana da injuna na musamman masu ƙira daban-daban da ke gina waɗannan manhajoji dare da rana, kuma a mafi yawan lokuta idan gwaji ya faɗi ginin yakan tsaya, ƙunshin ba zai fita ba sai an duba. Duk da haka sun bar ƙofa: mai gini a gida yana iya sanya kalmar nocheck a tsallake gwajin. Shi kuwa littafin Linux From Scratch, wanda Gerard Beekmans ya fara a 1999 don koya wa mutum gina tsarin Linux ɗungurungum daga tushe, ya bar wa mai karatu zaɓi a kan yawancin manhajoji, amma ya matsa ƙwarai a kan tafinta da abokan aikinsa da kuma Glibc, wato rumbun umurnin da kusan kowace manhaja ke ɗiba daga cikinsa. A ganina wannan shi ne ma'auni mai kyau. Abin da sauran suka dogara a kansa, da kuma abin da zai ba ka lambar da za ka rubuta a rahoton bincike, kada ka tsallake gwajinsa ko da za ka kwana kana jira.

Abin da gwaji ba ya iyawa

Masanin kwamfuta ɗan ƙasar Holan, Edsger Dijkstra, ya yi nuni tun wajen 1970 cewa gwaji yana iya nuna akwai kuskure, amma ba ya iya tabbatar da cewa babu. Duk wanda ya taɓa duba ɗigon jini a ƙarƙashin madubin likita ya san haka: rashin ganin ƙwayar cuta a ɗigon da ka ɗiba bai wanke sauran jinin ba. Gwaji yana amsa tambayoyin da aka tuna aka yi ne kawai.

Akwai kuma abin da ya fi wannan tayar da hankali. A ranar 29 ga Maris, 2024, wani injiniya mai suna Andres Freund ya sanar da cewa ya gano wata ɓoyayyar ƙofa a cikin xz, wato manhajar matse fayiloli da ke cikin kusan kowane tsarin Linux. Wani da ya yi kusan shekara biyu yana taimaka wa aikin har aka amince da shi, shi ne ya dasa ta a bugu na 5.6.0 da na 5.6.1. Inda ya ɓoye mugun umurnin kuwa shi ne cikin fayilolin gwaji, waɗanda aka ce lalatattun fayiloli ne da aka ajiye don gwada manhajar, ba kuma wanda zai yi tsammanin ya iya karanta su. A lokacin gini sai wani ɓoyayyen umurni ya zaro abin ya cusa shi a cikin manhajar. Ba jerin gwaje-gwajen xz ne suka kama shi ba. Freund ne ya lura cewa shiga wata kwamfutarsa daga nesa ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya ƙi barin abin ya wuce, ya bi sawunsa har ya cim ma tushen. An yi sa'a abin bai kai ga tabbatattun bugun manyan tsare-tsaren Linux ba.

Ga malaman da ke da kwamfuta mai Linux a makarantarsu, ana iya nuna wa ɗalibai misalinmu na farko cikin minti biyar. A rubuta kalmar "ƙasa" a cikin fayil ba tare da alamar sabon layi ba, a ƙirga haruffanta da umurnin wc -m, za a ga 4. Sa'an nan a sake ba da umurnin, amma a gabatar da LC_ALL=C a farkon layin, wanda ke mai da kwamfutar ga tsohon saitin da bai san haruffanmu ba. Wannan karon 5 za ta ce. Kafin a danna maɓalli, a sa kowane ɗalibi ya rubuta a takarda amsar da yake tsammani.